Giɓin da Na Ɗaure da Zare

Tun da na fara ba ku labarin nan tambaya ɗaya kuke ta jefo min a ƙasan rubutu: wai me ya sa ba na cin komai a gaban Kafinta? Wasu sun ce yanga ce, wasu sun ce kunya. Wata baiwar Allah har cewa ta yi ta san irina, masu nuna wa saurayi kamar da iska muke rayuwa, yana juya baya mu shiga kicin mu kwashe tukunya. To 'yar'uwa, ta fannin tukunya kin canka daidai, ina da ci kuma ban taɓa musu ba. Batun yanga ne kika kuskure. Ku gyara zama ku ji.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni tela ce. Ɗinkin mata nake yi a shagon da ke manne da ƙofar gidanmu, wanda Mama ta sakar min tun da idonta ya daina ganin kafar allura. Kafinta kuwa shi ne mutumin da ya zo kafa min kanta bara. Aikin yini ɗaya ne, amma ya yi ta dawowa duba ko ƙusa ta saki, har aka wayi gari an sa mana rana. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum da ƙanshin sabon katako a jikinsa, kuma yatsansa ɗaya na hagu ya gajarta da gaɓa guda, inji ne ya cinye. Bikinmu bai fi saura wata biyu ba.

Abin da bai sani ba shi ne haƙorana biyu na sama, na gaba sosai, ba nawa ba ne. Ina 'yar sakandare babur ya kwashe ni a bakin titi, na tashi da jini a riga, haƙora biyu a ƙasa. A lokacin an ce ƙashina bai gama girma ba, sai aka yi min na roba, masu ɗan faranti kalar dasashi da 'yan wayoyi biyu da ke kama na gefe. Na iya zama da su sosai. Ina magana, ina dariya, ina yi wa masu kawo ɗinki a ƙurarren lokaci tsiya son raina. Abu ɗaya suka hana ni, gatsa. Ba na gatsar komai mai tauri, ba na kuma tsinka zare da haƙori yadda kowane tela ke yi. Shi ya sa kullum akwai ɗan almakashi rataye a wuyana da igiya, shi ya sa kuma Kafinta yake ce min Mai Almakashi.

Sai Allah ya haɗa ni da saurayin da bai san wata tsaraba ba sai tuffa. Jajaye, manya, masu ƙara idan an gatsa. In karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ajiye a bayan keken ɗinki. Yana tafiya Gwaggo ta leƙo. Gwaggo yayar mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa, a gidanmu take zaune, ta haura sittin amma ko haƙori ɗaya bai taɓa girgiɗa a bakinta ba. Ita ke cinye tuffar, tana ci tana sa wa yaron albarka.

Kar ku ɗauka ni na zaɓi ɓoyon nan don raɗin kaina. Kafin Kafinta an yi wani, ma'aikacin banki, mai turare da mukullin mota a yatsa. Magana ta yi nisa. Wata rana yayarsa ta kawo ɗinki, ina tsugune ina auna mata tsawon siket atishawa ta kama ni, haƙoran suka yi tsalle suka sauka a kan leshinta. Ta dai ɗauke leshin da yatsa biyu. Daga ranar kiran waya ya fara ja baya, har ya ɗauke gaba ɗaya. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, amma Mama ta fi ni shiga damuwa, don sai da ta rame. Tun daga nan Gwaggo ta kafa doka a gidan: duk wanda ya sake zuwa, ba zai ji wannan magana ba sai ya zama miji, in ma da hali har abada.

To ana cikin haka sai waya ɗaya ta karye. Dama haƙoran sun daɗe suna min rawa a baki, ina ta cewa gobe zan je a duba. Ranar ina cin burodi kawai na ji ƙas. Ga kayan wata amarya jibge a kan tebur, doguwar riga mai duwatsu tun daga wuya har ƙasa, ga nawa ɗinkin ban ko yanka ba. Na tsaya gaban madubin shago ina kallon abin, sai kan tela ya fara aiki. A wurinmu duk abin da ya saki ɗaure shi ake yi. Na ɗauko zaren roba, siririn nan da muke ɗinka duwatsu da shi wanda ido ba ya gani. Na gasa allura na huda farantin gefe da gefe, na zura zaren, na zagaye haƙoran da ke maƙwabtaka, na ƙulle ta ciki. Wallahi sai da na yaba wa kaina. Ya zauna daram, ya fi yadda yake da wayar. Na nuna wa Gwaggo, ta ce ai da ma kuɗin asibiti asara ce ga mai sana'a a hannu.

Abin da ban lissafa ba, abin da aka ƙulle ba ya ciruwa. Da shi nake kwana, da shi nake tashi, buroshi ba ya shiga ƙarƙashinsa. Zaren kuma ya riƙa nutsewa cikin dasashi a hankali. Da farko ɗan zafi, sai kumburi, sai jini idan na kurkure baki. Na yi ta maza ina shan maganin ciwon kai. Ranar da na san abin ya wuce wasa, ina auna kafaɗar wata mata ina mata hira, sai na ga ta kawar da kai tana riƙe numfashi. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Tana fita na rufe shago na tari mota.

Likitar haƙorin 'yar gajeriya ce mai tabarau, ba ta da gaggawa ko kaɗan. Ta kwantar da ni a kujerar nan tasu mai komawa baya, ta jawo fitila, ta leƙa. Ta daɗe tana leƙe. Sai ta ɗago ta tambaye ni wa ya yi min wannan aikin. Na ce ni ce. Ta tambayi sana'ata, na faɗa mata.

"Ƙullin ya yi kyau," in ji ta. "Kar ki sake."

Ta yanke zaren guntu-guntu tana zarowa, ina ƙwalla. Da ta gama wanke wurin ta yi min faɗa mai sanyi wanda ya fi zagi shiga jiki. Ta ce da na ƙara ɗaukar lokaci da zaren ya ci dasashin har ya girgiza lafiyayyun haƙoran, kuma Allah ne ya tsare ban haɗiye farantin cikin barci ba. Ta ce in bar bakin haka ba komai har dasashin ya warke. Daga nan aka ɗauki hoton ƙashi, ta juyo min da allon kwamfuta ta nuna min inda saiwar haƙoran take a da. Wurin ya sirance. Ta ce ƙashin da ba shi da saiwa a cikinsa janyewa yake yi a hankali, shi ya sa farantin ya daina zama, ba laifin waya kaɗai ba ne.

Hanya uku ta shimfiɗa min. Ta farko a yi min sabon na roba, in ci gaba da yadda na saba, shi ma wata rana ya saki. Ta biyu ita suke kira gada: a fiƙe haƙoran da ke gefen giɓin su zama ƙanana, a rufa musu wasu a kai, sababbin biyun su rataya a tsakiya. Ba a cirewa, ba mai ganewa, kuma za a gama tun kafin biki. Ta uku dashe: a kafa 'yar ƙusa mai murɗi a cikin ƙashin a madadin saiwa, a bar ta watanni har ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Ba a taɓa na gefe ko kaɗan.

Kafin in yi zumuɗi ta tare ni da tambayoyi. Ina shan taba? Ina da ciwon suga? Akwai maganin da nake sha kullum? Ina cizon haƙora cikin barci? Sau nawa nake wanke baki? Ta ce ba kowa dashe yake karɓa ba. Sai wanda ƙashinsa ya gama girma, dasashinsa lafiya lau, jikinsa yana warkar da ciwo yadda ya kamata, kuma zai iya tsafta da haƙurin jira. Ta ce shi ya fi tsada, kuma aiki ne na fiɗa komai ƙanƙantarsa, akwai kumburi, akwai cin abu mai laushi, wani lokacin ma ƙashi ya ƙi kamawa a sake. Nawa ƙashin, in ji ta, har yanzu zai yi, sai dai wataƙila a ɗan ƙara masa. Idan na bari wasu shekaru suka wuce aikin zai fi haka girma.

Na ce, "Likita, da ni ƙanwarki ce, wanne za ki ce in yi?"

"Ba na zaɓar wa mutum," ta ce. "Da haƙoran gefen nan sun ruɓe ko sun fashe, gada zan ce miki ba tare da dogon tunani ba, don aiki ne mai kyau kuma yana daɗewa. Naki ko tabo babu. Abin da na fiƙe kuma ba ya dawowa."

Sai ta ƙara da maganar da ta tsaya min a rai. Idan dashe na zaɓa, ba zai kammala kafin biki ba. Zan shiga gidan miji da na wucin gadi, kuma dole in riƙa cire su kullum kafin in kwanta. Ta faɗa tana kallona ta saman tabarau, don ta ga zoben da ke hannuna ta kuma gane sauran zancen.

Na fito sanye da takunkumi, haƙoran roban a naɗe cikin auduga. Ina isa shago na jefa su cikin gwangwanin maɓallai na rufe.

A ɗakin Mama aka yi zaman. Mama na bakin gado tana ninke wanki, Gwaggo ta miƙe ƙafa a kan darduma da faranti a cinya tana yanka tuffar Kafinta ta ƙarshe. Na zayyana musu komai tiryan-tiryan. Ban rufe baki ba Gwaggo ta ce ai magana ta ƙare, gada za a yi, Allah ne ya kawo mafita. A yi shi cikin makon nan, yaro ya ɗauki amaryarsa da haƙora reras, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na ce sai an fiƙe min lafiyayyu fa. Ta ce to sai me, ai baki cike yake da haƙora, ita nata talatin da wani abu me suka tsinana mata. Na ce su suke cinye tuffar mutane. Ta jefe ni da ɓawo.

Da ta ga da gaske nake sai ta sha mur. Ta ce ni yarinya ce ban san maza ba, ban kuma san dangin miji ba. Ta tuna min ma'aikacin banki, ta tuna min shekaruna, ta tuna min 'ya'yan maƙwabta da aka haifa a gabana suna goye da nasu. Ta ce haƙoran gefen ne za su aure ni? Duk wannan bai taɓa ni ba, na saba da Gwaggo, faɗanta kamar ruwan sama a kan kwano ne, ƙara ce kawai. Shirun Mama ne ya dame ni. Tana ta ninke zane ɗaya tana warwarewa.

Na matsa kusa da ita na ce ko ta tuna lokacin da nake koyon ɗinki, wata mata ta kawo zanen da dutsen guga ya ƙona. Na ɗauki almakashi zan yanko daga gefen zanen in yi maho, Mama ta make min hannu har almakashin ya faɗi. Ta ce rami ɗaya aka kawo mana, ni ina neman in mayar da shi biyu. Ranar sai da ta sa na zazzage buhun ƙyallaye kaf har na samo wanda ya dace, matar kuma ta jira.

"Ke kika koya min, Mama. Yanzu kuma in kai lafiyayyen haƙori a yanka don a rufe rami?"

Ta ɗago, idonta ya cika. "Zane ba ya fasa aure, Auta. Ni na ga yadda kika koma wancan karon. Ba zan iya sake gani ba."

Tsoro nake ji, kar ku ga ina ta cika baki. Ina son Kafinta, irin son da ban yi wa mai turare ko rabinsa ba. Idan ya juya baya ban san yadda zan ci gaba da zama a shagon da duk inda na waiga aikin hannunsa ne ba. Amma na auna abin ta kowane gefe, yadda nake auna yadi kafin in sa almakashi. Gada ba laifi ba ce, likita ma ta faɗa. Sai dai na san ba don bakina zan yi ta ba, don kar wani ya sani ne. Kuma ko bayan shekara nawa idan ta buƙaci canji, sai na sake neman ƙaryar da zan yi in fita. Kuɗin da nake tarawa zan kashe, sayen injin aikin ado zai iya jira, keken Mama bai gaji ba. Na ce musu dashe zan yi, kuma zan gaya masa. Gwaggo ta tashi ta bar ɗakin da farantinta.

Duk kwanakin nan Kafinta ya ɗauka mura nake yi. Saƙonninsa suna shigowa ina kallo.

"Mai Almakashi, yaya jiki? In kawo lemo ko tuffa?"

Na rubuta, "Lemo."

"Tuffa ta fi. Na ga kina son ta, ba ta kwana."

Na kifa wayar ina dariyar da ta kusa zama kuka. Can sai ga wani saƙon. Wai Umma, mahaifiyarsa, ta ce ba wanda zai ɗinka mata kayan biki sai surukarta, za ta zo awo ranar Asabar da hantsi, shi zai riga ta isowa.

Bari in gaya muku wace ce Umma. Shagon tangaran gare ta, faranti da kofuna da jug. Sau biyu na taɓa ganinta, duka a cikin mutane, ina sunkuye. Kafinta da kansa ya ba ni labarin yadda take karɓar kaya: kofi ɗaya-ɗaya take ɗagawa ta ƙyasta da farce ta kara a kunne, ta juya shi a haske. Idan ta ji tsaga ko ta ga ɗan ɓalli a baki, ba ciniki ba rangwame, mayarwa take yi. Wannan matar ce za ta tsaya ina zagaye ta da tef, fuskata a gaban tata.

Ranar Asabar na yi wanka na saka doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, wadda na ɗinka wa kaina na hana kowa irinta. Na ɗaura ɗankwali baƙi, na zizara kwalli, jan baki kuwa na ɗauka na mayar. Gwaggo ta biyo ni har shago, ta buɗe gwangwanin maɓallai da kanta ta tura min. Muryarta ta sauka, ba faɗa. Ta ce ta ji, in yi dashen, bakina ne, amma don girman Allah in saka na roban na awa ɗaya, in riƙe da leɓe, in rage surutu, matar ta zo ta tafi lafiya. Na ce na ji. Ban ce zan yi ba. Mama kuwa ta aiko min da mayafina a goge, har da turare.

Ya iso da farar riga, gashin kansa da ɗan garin katako da bai karkaɗe ba, ledar tuffa a hannu. Ya ajiye ta a bayan keke da kansa, don ya san wurinta. Ya kalli takunkumin ya ce har yanzu murar ce?

"Ba mura nake ba. Zauna."

Ya zauna a kan benci. Na sa yatsa na sauke takunkumin, na yi masa murmushi, cikakke, irin wanda ke nuna komai.

Bai kawar da kai ba, bai kuma yi dariya ba. Ya tsaya yana kallo yadda yake kallon ƙofar da aka kira shi gyara. Ba abin da nake ji sai ƙarar fanka. Don kar shirun ya kashe ni na fara zuba: babur, na roba, mai turare da yayarsa, tuffar da Gwaggo ke cinyewa, waya, zare, likita, gwangwanin maɓallai, gada, dashe, watannin jira. Maganata tana fita da 'yar iska ta giɓin, ban damu ba. Na ƙare da cewa na zaɓi dashe, ba kuma shawara nake nema ba, sanarwa ce, sai dai yana da damar ya yi nasa tunanin.

Sai ya ce, "Da zare?"

"Zaren roba."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ɗago ya kalli ledar da ke bayan keke. "Wato duk watannin nan Gwaggo nake kiwo."

Dariya ta ƙwace min, hawaye suka biyo ta. Amma da ya gama sai fuskarsa ta canza. Ya ce ba zai yi min ƙarya ba, ya ji ba daɗi da sai yau. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya ce ni tun ranar farko na ga nasa, shi bai samu gwangwanin da zai saka yatsa a ciki ba. Na ce haka ne. Ban ba shi haƙuri da yawa ba, shi ma bai nema ba. Sai ya koma tambayar ƙusar, da wane ƙarfe ake yin ta, yaya take kama ƙashi, me zan riƙa ci. Da na ce watanni ne, ya ce shi bai taɓa barin kowa ya zauna a kujera ranar da ya sa mata gam ba, jira ba baƙonsa ba ne. Ranar da za a yi shi zai kai ni ya dawo da ni.

Na ce, "Umma fa?"

"Ni dai na ji na gani," ya ce. "Umma kuwa ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Ta taɓa mayar da kwali guda saboda kofi ɗaya."

Bai rufe baki ba muka ji tsayuwar mota. Sai muryar Gwaggo a ƙofar gida tana ta zabga maraba da ƙarfi, ƙarfin da ya wuce na gaisuwa, don ni take yi wa, in ji in shirya. Kafinta ya miƙa hannu ya turo min gwangwanin maɓallai a hankali. Ya ce ina da lokaci. Idan na saka ba zai ga laifina ba, shi zai san yadda zai gaya mata daga baya, sannu a hankali.

Na buɗe gwangwanin. Ga su nan kwance cikin maɓallai, da 'yan hujojin da na yi musu da allura. Shekara da shekaru sun rufa min asiri, ban raina musu ba. Amma idan matar nan mai mayar da kaya ce, gara ta duba yau da rana tsaka, tun kayan suna shagonsu. Na rufe gwangwanin, na yi ɗage na ɗora shi can saman kantar da ɗanta ya kafa. Na cire takunkumin gaba ɗaya na rataye a ƙusa. Na gyara mayafi, na saƙala tef a wuya kusa da almakashina.

Labule ya ɗaga. Umma ta shigo da yadi a hammata, doguwa kamar ɗanta, idonta ya riga ƙafarta zagaye shagon. Gwaggo na biye da ita tana washe baki, tana hango nawa bakin ta dafe ƙirji. Ta ƙofar cikin gida kuma na ga Mama tsaye, riƙe da labule, ba ta shigo ba ba ta koma ba.

Na rusuna har ƙasa. "Sannu da zuwa, Umma."

Iskar ta fita ta giɓin, kowa ya ji. Na miƙe na dube ta na yi murmushi.

Ta ajiye yadin a kan tebur, ta buɗe jaka, ta ciro tabarau ta goge da gefen mayafi ta saka. Sannan ta nuna bakin taga da yatsa.

"Matso nan cikin haske, 'yata."

Gwaggo ta fara wani bayani, Kafinta ya miƙe tsaye. Ban jira kowa ba. Na taka har bakin tagar, na ɗaga haɓa, na buɗe mata bakina.